MAGANIN HOMIYOFATI: ME KE CIKIN KWALBAR?

Akwai wani irin magani da a kan sayar cikin 'yan ƙananan kwalabe. In ka buɗe sai ka ga ƙwayoyi farare, ƙanana kamar tsabar gero, in ka sa a baka ka ji zaƙi kamar alewa. Wani lokaci kuma ruwa ne da a ke ɗigawa a ƙarƙashin harshe. A jikin kwalbar akwai suna da harshen Latin, kusa da sunan kuma akwai lamba da harafi, 6X, ko 30C, ko 200C. Galibi daga Jamus ya ke fitowa, ko Faransa, ko Indiya. Sunan wannan hanyar magani homiyofati.

Mutane da yawa suna zato maganin gargajiya ne na Turawa, watau saiwa da ganye da aka gyara aka sa a kwalba. Ba haka ba ne. Kuma da ya ke a jikin waɗansu kwalaben akwai lambar rajista ta gwamnati, mai saye ya kan ce a ransa, ai hukuma ba za ta sa hannu a kan abin banza ba. A wannan wata muna so mu duba abu biyu tare da ku: me ke cikin kwalbar, me kuma hukuma ta sa wa hannu. Gama iyaye ne ke sayen magani, amma sau da yawa yara ne ke sha.

LIKITAN DA YA GAJI DA LIKITANCI

Wanda ya soma wannan hanya wani likita ne Bajamushe, sunansa Samuel Hahnemann, an haife shi a garin Meissen a 1755. In za mu yi masa adalci, tilas mu tuna yadda aikin likita ya ke a zamaninsa. Ba wanda ya san ƙwayoyin cuta tukuna. In mutum ya kwanta ciwo, likita ya kan tsaga masa jijiya ya zubar da jini, ko ya manna masa matsattsaku su tsotsa, ya ɗura masa maganin amai da na zawo, har da wanda aka haɗa da zaiba mai zubar da haƙora. George Washington, shugaban Amurka na fari, ciwon maƙogwaro ya kama shi a 1799, aka ɗebe masa jini wajen lita biyu cikin yini guda, bai kwana ba. Hahnemann yana ganin irin wannan aiki, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya janye daga duba marasa lafiya, ya koma fassara littattafai don ya ci da iyalinsa, gama mutum ne mai jin harsuna da yawa, ga 'ya'ya kuma da yawa.

A 1790 yana fassara littafin wani likita mutumin Sikotilan, William Cullen, sai ya kai wurin da a ke maganar ɓawon itacen sinkona, wanda a ke kawowa daga Amurka ta Kudu don maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayanin da Cullen ya yi bai gamshe shi ba. Sai ya riƙa shan ɓawon da kansa, alhali lafiyarsa ƙalau. Ya rubuta cewa hannuwansa da ƙafafunsa sun yi sanyi, zuciya na bugawa, ga ƙishirwa, ga kasala, kamar dai mai zazzaɓi. Daga nan ya tsai da ra'ayinsa: abin da ke sa wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cutar. Albasa tana sa hawaye da majina, to albasa ce maganin mura. Kofi yana hana barci, to da kofi za a yi maganin rashin barci. Harbin ƙudan zuma yana kawo kumburi, to ƙudan zuma maganin kumburi ne. Ya buga wannan koyarwa a 1796, sa'an nan a 1810 ya fito da babban littafinsa mai suna Organon. Sunan homiyofati kuwa daga Helenanci ya samo shi, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ma'anarsa wahala mai kama da wahala.

Yau an san abin da Hahnemann bai sani ba. A 1820 waɗansu masana biyu a Faransa suka fitar da kwinin daga ɓawon nan. A 1880 wani likitan soja Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin mara lafiya a Aljeriya. Kwinin kashe wannan ƙwaya ya ke yi, shi ke nan. Ba ruwansa da kama ko rashin kama.

DIGO ƊAYA CIKIN TEKU

Waɗansu abubuwan da Hahnemann ke gwadawa guba ne sosai, kamar asanik, da wani tsiro da a ke kira beladona, ɗan'uwan zaƙami. Don kada ya kashe mutane sai ya soma sirka su da ruwa ko barasa. Wannan hankali ne. Amma bai tsaya nan ba. Ya koyar cewa in an sirka, aka girgiza kwalbar da ƙarfi, ana buga ta a kan wani abu kamar littafi mai bangon fata, to ƙarfin warkarwa ƙaruwa ya ke yi, ba raguwa ba. Shi ya sa masu wannan hanya suna ɗaukar 200C ya fi 6C ƙarfi nesa, ko da ya ke shi ne aka fi sirkawa.

Ga yadda a ke yi. A ɗauki digo ɗaya na ainihin ruwan maganin, a zuba cikin digo 99 na ruwa, a girgiza. Wannan shi ne 1C. A ɗauki digo ɗaya daga wannan, a zuba cikin wani sabon digo 99, a girgiza, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi. In harafin X ne ko D, ɗaya cikin goma a ke yi maimakon ɗaya cikin ɗari.

To, mu yi lissafi tare, gama a nan maganar ta ke. Digo ɗari cikin cokalin shayi ɗaya ne, watau 1C digo ɗaya ne cikin cokalin shayi. A 2C, digon nan yana cikin rabin lita, daidai ledar ruwan sha guda. A 3C yana cikin lita 50, manyan jarkoki biyu ke nan. A 4C lita 5,000, babban tanki. Har nan hankali na iya ɗauka. Amma kafin a kai 9C, ruwan madatsar Tiga sau 20 ba zai isa a sirka digon nan ba. A 13C kuwa, ko an tattara ruwan dukan tekunan duniya bai isa ba. Ga shi kuwa wanda aka fi sayarwa 30C ne, watau kashi ɗaya cikin lambar da ta soma da 1 ta bi da sifiri 60.

Wani zai ce, ai ko yaya aka sirka, ɗan wani abu zai rage. A'a. Kowane abu da Allah ya halitta yana da iyakar ƙanƙanta. Wanda ya raba mudun gero kashi ɗari, ya ɗauki kashi ɗaya ya sake raba shi ɗari, ba zai yi ta rabawa har abada ba, gama tsabar za ta ƙare. Haka gishiri, haka asanik, haka ruwan albasa, duka 'yan mitsimitsin ƙwayoyin zarra ne masu ƙidayuwa. Masana sun ƙidaya su, ko da ya ke sai bayan mutuwar Hahnemann a 1843 aka iya yin haka. Bisa wannan ƙidaya, in aka wuce 12C, da kyar a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin maganin cikin kwalbar. Ruwa ne zalla. Daga wannan ruwa a ke ɗiga kaɗan a kan ƙwayoyin sukari, a bar shi ya bushe. Abin da ke cikin kwalbar 30C ke nan: sukari wanda ruwa ya taɓa. Akwai wani sananne na Faransa mai suna Oscillococcinum, a na sayar da shi don mura mai zafi. Daga hanta da zuciyar agwagwa a ke farawa, a sirka sau 200.

Masu homiyofati na yau ba su musun wannan lissafi. Cewa su ke yi ruwa yana tuna abin da aka girgiza a cikinsa. A 1988 wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya buga a mujallar kimiyya ta Nature cewa ya ga shaidar haka. Editan mujallar ya tafi da mutum biyu ɗakin gwajinsa, aka sake gwajin, amma wannan karo aka ɓoye wa ma'aikata wace kwalba ce wace. Shaidar ta ɓace. Mu dai abin da ke ba mu mamaki shi ne, in ruwa yana da tuni, me ya sa zai tuna digon albasa, ya manta dukan kududdufi da kwatar da ya ratsa tun halittar duniya?

ABIN DA YA FARU A NUREMBERG

Duk da haka homiyofati ya bazu ƙwarai a Turai da Amurka, kuma ba abin mamaki ba ne. A zamanin da likita ke zubar wa mai amai da gudawa jini, wanda aka ba shi ruwa da sukari, aka bar shi ya huta, shi ya fi dacewa. Sa'ad da annobar kwalara ta faɗa wa Landan a 1854, marasa lafiya sun fi tsira a asibitin homiyofati fiye da sauran asibitoci. Ba a yi musu magani ba, amma ba a ƙara musu cuta ba.

Tun Hahnemann yana da rai aka yi wani gwaji wanda ya kamata kowa ya ji labarinsa. A 1835, a birnin Nuremberg na Jamus, gardama ta yi zafi tsakanin likitoci. Wani mai homiyofati ya ce duk wanda ya sha gishirin miya da aka sirka har 30C, lalle zai ji wani abu a jikinsa. Sai mutanen gari suka taru a wani masauƙi, a gaban kowa aka kawo kwalabe 100, aka sa musu lamba, aka gauraya su. Aka cika 50 da ruwan gishirin da aka sirka bisa ƙa'idar homiyofati, 50 kuma da tataccen ruwa kawai. Aka rubuta wace lamba ke da me, aka rufe takardar da hatimi. Ba mai bayarwa, ba mai karɓa, ba wanda ya san abin da ke hannunsa. Bayan mako uku aka sake taruwa. Mutum 50 suka ba da labari. Takwas kaɗai suka ce sun ji wani abu. Da aka buɗe takardar, biyar cikinsu ruwan gishirin suka sha, uku ruwa zalla. Sauran 42 ba su ji kome ba.

Wannan hanya ta ɓoye wa kowa abin da ke cikin kwalba, ita ce yau a ke gwada dukan sabon magani da ita. An kuma yi ta gwada homiyofati da ita. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya kwatanta gwaji 110 na homiyofati da gwaji 110 na magungunan asibiti. Da aka ware manyan gwaje-gwajen da aka yi da kyau, maganin asibiti ya nuna aikinsa, na homiyofati kuwa bai fi ƙwayar sukari ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta duba nazari 176 a kan cututtuka 61, ta ce ba ta sami cuta ko ɗaya da akwai tabbatacciyar shaida cewa homiyofati na warkar da ita ba.

To, me za mu ce da maƙwabciyar da ta sha ta ji sauƙi? Ba ƙarya ta ke yi ba. Mura da tari da ciwon kai da yawancin ƙananan cututtuka su kan tafi da kansu cikin kwanaki, gama Mahalicci ya sa wa jiki ikon gyara kansa. Mutum kuwa ya kan nemi magani ran da ciwo ya fi tsanani, watau dab da ya soma sauka. Ban da haka, mai homiyofati ya kan zauna da mara lafiya har sa'a guda, yana tambayar barcinsa, da abincinsa, da damuwar zuciyarsa. Wanda ya yi yini a layin asibiti don ya ga likita minti uku ya san darajar wannan. Saurarawa tana rage zafin ciwo, likitocinmu ma sai su koya. Amma saurarawa ba ta kashe ƙwayar cuta cikin jini.

ME HUKUMA TA SA WA HANNU?

Kafin a yarda a sayar da sabon maganin asibiti, hukuma ta kan yi tambaya uku. An yi shi da tsabta, abin da aka rubuta a jiki kuma shi ne a ciki? Ba zai cuci mai sha ba? Yana warkar da cutar da aka ce? Ta ukun ce mai tsada, ita ke cin shekaru da gwaji a kan dubban mutane. A ƙasashe da yawa, dokar homiyofati ta tsaya a ta biyu.

A Tarayyar Turai, tun 1992 aka yi wa waɗannan magunguna ƙofa ta musamman, rajista mai sauƙi. Sharuɗɗan su ne maganin ya zama na sha ko na shafawa, a sirka shi har ainihin ruwan maganin kada ya wuce kashi ɗaya cikin 10,000, kada kuma a rubuta sunan wata cuta a jikinsa. In an cika waɗannan, ba a tambayar shaidar warkarwa. Doka ma ta ce a rubuta a jikin kwalin cewa ba a amince da shi don wata cuta ba. A Ingila, tun 2006 an yarda a ambaci ƙananan cututtuka masu tafiya da kansu, hujjar da a ke karɓa kuwa ita ce masu homiyofati sun daɗe suna ba da shi don haka.

Labarin Amurka ya fi ban mamaki. Sa'ad da a ke yin babbar dokar abinci da magunguna a 1938, sanatan da ya ja gaba, Royal Copeland na New York, shi kansa likitan homiyofati ne. Ya sa littafin magungunan homiyofati cikin dokar. Daga 1988 hukumar magunguna ta ƙasar, FDA, ta bar kamfanoni su sayar ba tare da neman amincewarta ba, muddin sun kiyaye waɗansu ƙa'idodi. Tunanin shi ne ruwa da sukari ba za su cuci kowa ba.

Ashe ba kullum ruwa da sukari ba ne. Wanda aka rubuta masa 2X ko 3X yana da magani a ciki sosai. A 2009 FDA ta gargaɗi mutane su bar wani man hanci na mura mai suna Zicam, bayan ta sami rahoto fiye da 130 na mutanen da suka daina jin ƙanshi. Mafi muni shi ne na ƙwayoyin da a ke ba jarirai masu fitar haƙori, waɗanda aka yi da beladona. Iyaye suka riƙa kawo rahoton jijjiga da wahalar numfashi. Hukumar ta yi gargaɗi a 2016, a farkon 2017 kuma ta sanar cewa ta auna ƙwayoyin ta tarar gubar ba daidai ta ke a cikinsu ba, a waɗansu ta wuce abin da aka rubuta nesa. Aka janye su daga kasuwa. A 2019 FDA ta soke tsarin 1988, a 2022 ta kafa sabo wanda ya fi sa ido a kan magungunan yara, da na allura, da na ido, da waɗanda a ke cewa suna warkar da manyan cututtuka. Har yau ba maganin homiyofati ko ɗaya da hukumar ta amince da shi. Hukumar ciniki ta Amurka kuma ta faɗa a 2016 cewa mai talla ko dai ya kawo shaidar kimiyya, ko ya gaya wa mai saye a fili cewa babu shaidar.

A Kanada waɗansu 'yan jarida na gidan telebijin na CBC suka so su ga iyakar abin. Suka ƙirƙiro maganin zazzaɓi da ciwo na yara, suka laƙaba masa suna Nighton, suka aika wa hukuma da 'yan shafuffukan da suka kwafo daga wani tsohon littafin homiyofati. Ba gwaji, ba kome. Aka ba su lasisi, da lamba. Suka nuna wa duniya a 2015. A shekarar nan hukumar ta ce ba za ta ƙara yarda a rubuta tari ko mura a jikin irin wannan magani na yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ba sai da shaida, ta kuma tilasta a rubuta a jikin waɗanda a ke ba yara a madadin rigakafi cewa su ba rigakafi ba ne.

Indiya ce ta fi kowa rungumar homiyofati. Ta yi masa doka a 1973, ta sabunta a 2020, tana da makarantun da a ke karatunsa shekara biyar da rabi, da ma'aikatar gwamnati mai lura da shi tare da magungunan gargajiya tun 2014. A Janairu 2020 ma'aikatar nan ta ba da shawara a sha asanik na 30C don rigakafin korona, likitoci da masana na ƙasar suka yi ca a kanta. Suwizalan kuma inshorar lafiya tana biya in likita ne ya rubuta, amma asalin haka ƙuri'ar da jama'a suka jefa ne a 2009. Ƙuri'a tana nuna abin da mutane ke so. Ba ta sa magani cikin ruwa.

Waɗansu sun ja da baya. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce a 2017 likitocinta su daina rubuta shi, kotu ta tabbatar a 2018. Faransa, inda manyan kamfanoninsa su ke, tana mayar wa mai saye kashi 30 cikin ɗari na kuɗinsa, ta rage zuwa 15 a 2020, ta daina gaba ɗaya a Janairu 2021. Ba a hana sayarwa ba. Cewa aka yi mai so ya saya da kuɗinsa.

A Nijeriya, majalisar da ke yi wa likitoci rajista ita aka ɗora wa lura da masu aikin homiyofati tun 1992. Kayan da ke cikin kwalba kuwa aikin NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993. Ya kamata a san cewa lambar NAFDAC iri biyu ce. Wadda ta ƙare da harafin L, irin da a kan gani a jikin magungunan ganye, tana nuna an duba cewa abin ba zai cutar ba. Kusa da ita a kan rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta auna abin da mai maganin ya ce yana warkarwa ba. Rubutun ƙanana ne, amma shi ya kamata a fara karantawa, ko a ba yaro ɗan makaranta ya karanta.

TSAFI NE?

Waɗansu Kirista su kan guji homiyofati don Hahnemann ya yi maganar wani ƙarfin rai marar ganuwa wanda cuta ke gurɓatawa, suna tsoron ko sihiri ne. A ganinmu ba tsafi cikin ruwa da sukari, kada mu ba su girman da ba su da shi. Maganar ta gaskiya ce da ma'auni. Littafi Mai Tsarki ya ja wa ɗan kasuwa kunne ƙwarai a kan mudun algus, ba mu ga dalilin da zai sa a keɓe mai sayar da magani ba. Da yawa cikin masu sayarwa da zuciya ɗaya su ke yi, su ma suna sha, suna ba 'ya'yansu. Amma kyakkyawar niyya ba ta canja abin da ke cikin kwalba. Muna roƙon fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata su lura kada lokacin ba da shaida ya zama lokacin talla. Abin da aka ji a bakin ƙofar majami'a, mutane su kan karɓe shi ba tambaya.

Kada kuma a haɗa wannan da maganin itatuwa. Ganye da saiwa suna da abu a cikinsu, wani mai amfani, wani mai kisa, ana kuwa iya auna su. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. Babban maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga wani ganye na ƙasar Sin ya fito, dangin tazargade, wanda wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a 1972. An karɓe su ne don an gwada su sun ci gwaji.

INDA HATSARIN YA KE

In babban mutum ya sha 30C don mura, kuɗinsa kaɗai ya yi asara. Hatsarin yana wurin jinkiri. A 2002 wata jaririya mai wata tara ta mutu a birnin Sydney saboda ciwon fata wanda asibiti ke iya magancewa. Mahaifinta mai homiyofati ne, ya nace a kan hanyarsa har ƙwayar cuta ta shiga jikinta. Kotu ta ɗaure iyayen a 2009. A Italiya, a 2017, yaro ɗan shekara bakwai ya mutu da ciwon kunne wanda ya hau ƙwaƙwalwa, bayan an yi wajen mako biyu ana ba shi homiyofati kaɗai. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu su ke yi ba. Kullum suna ganin gobe za a ga sauƙi, ga shi kuma a cikin wannan koyarwa a kan ce in ciwo ya ƙaru alama ce magani ya soma aiki.

A 2006 wata matashiya ta tuntuɓi masu homiyofati goma, galibi a Landan da kewaye, tana cewa za ta yi tafiya Afirka ta Yamma, ana ɗaukar maganarsu a ɓoye. Dukansu suka ba ta shawarar homiyofati don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. BBC ta watsa labarin. A 2009 waɗansu matasan likitoci da masana na Ingila da Afirka suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya, don sun ga ana buɗe irin waɗannan wurare a Afirka. Hukumar ta amsa a fili cewa kada a dogara ga homiyofati don tarin fuka, ko cutar ƙanjamau, ko zazzaɓin cizon sauro, ko mura mai zafi, ko gudawar jarirai.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Bisa rahoton hukumar nan na 2023, fiye da rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya su ke, yawancin masu mutuwa kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Irin zazzaɓin da ke wajenmu yana iya tsananta cikin kwana ɗaya. Mu kuwa mun saba ɗora wa haƙori laifin kowane zafin jiki da gudawar jariri, mu jira. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, gwajin digon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba. In zazzaɓin sauro ne, maganin na kwana uku ne, a sha har ƙarshe ko da yaro ya tashi yana wasa. Mai gudawa kuwa a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, irin na ƙunshi da a ke damawa bisa awon da aka rubuta a jiki, tare da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In ya kasa sha, ko ya kasa kama nono, ko idanunsa sun faɗa, ko ya soma jijjiga, sai asibiti, ko da tsakar dare ne.